Muhawara: Baftisma Ƙarshen Karatu Ce ko Farkonsa?

Malama Rifkatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara tara ke nan ina taimaka wa dattawa da ajin baftisma a majami'armu da ke Tudun Wada, Jos. Wata shida muke riƙe mutane, kowace Asabar da yamma, su haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da ayoyin da za a tambaye su a gaban dattawa. Jiya na shiga kasuwar Terminus sayen cajar waya, ashe mai teburin wani yaro ne da na koyar shekara biyu da suka wuce. Ya durƙusa ya gaishe ni, har ya ƙi karɓar kuɗina. Na ce, "Ɗana, ina ka shige? Tun ranar da ka fito daga ruwa ban ƙara sa ka a ido ba." Sai ya ce, "Mama, ai na gama. Katin baftismata yana gida, in lokacin aure ya yi zan kawo."

Ba da raini ya faɗa ba, da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ne ma ya fi yi mini ciwo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wurinmu ya koyi wannan tunani. Wani mai wa'azi ya zo taron farkawa ya ce ɗaga hannu kawai, an cece ka. Mako mai zuwa wani ya hau bagade ya jero dokoki tun daga ɗankwali har zakka, ba a ji sunan Yesu ba sai a addu'ar rufewa. Ita kuma baftisma ba a wa'azi a kanta sam, sanarwa kawai ake yi cewa masu so su ba da sunansu. To ina tambaya, me ya kamata a riƙa koya mana daga bagade game da bangaskiya da biyayya da baftisma?

Danjuma: Sannu Mama. Ni a ganina amsar a fili take. Afisawa 2:8-9, ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba don kada kowa ya yi fahariya. Ruwa ba ya wanke zunubi, jinin Yesu ne ke wankewa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji bai shiga aji ba, bai taɓa ruwa ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Mu ne muka ɗora wa baftisma nauyin da ba nata ba, shi ya sa yaron ya ɗauka kati shi ne ceto. A yi wa'azin bangaskiya kawai, sauran za su biyo baya.

Ishaku: Ɗan'uwa Danjuma, irin wa'azin da kake nema shi ne ya kawo mu inda muke. Ranar Fentikos da maganar Bitrus ta soki zukatan mutane suka ce me za mu yi, bai ce su ɗaga hannu su maimaita addu'a ba. Cewa ya yi su tuba, a yi wa kowannensu baftisma cikin sunan Yesu Almasihu domin gafarar zunubai. Ayyukan Manzanni 2:38 ke nan. Hananiya ya ce wa Shawulu ya tashi a yi masa baftisma ya wanke zunubansa yana kira ga sunan Ubangiji, sura 22 aya 16. Duba kuma Markus 16:16 da 1 Bitrus 3:21. Shi ɓarawon da kullum ake kafa hujja da shi, ya mutu tun kafin Yesu ya tashi ya ba da umarnin baftisma. Kuma hannuwansa a kafe suke a gungume. Kai da ƙafafunka ke lafiya, ruwa na kusa, mene ne uzurinka?

Danjuma: To Karniliyus fa? Bitrus yana cikin magana Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa duk masu ji, har suka yi magana da waɗansu harsuna, ba wanda ya jiƙe tukuna. Allah zai ba da Ruhunsa ga wanda bai gafarta wa ba? Kuma Bulus da kansa ya ce a 1 Korintiyawa 1:17 Almasihu bai aiko shi don yin baftisma ba, sai don wa'azin bishara.

Ishaku: Ka karanta labarin Karniliyus zuwa ƙarshen surar. Da Ruhu ya sauko, abu na farko da ya fito daga bakin Bitrus shi ne, wa zai hana ruwa? Ya kuma ba da umarni a yi musu. Bai ce tunda kun sami Ruhu ku tafi gida ba.

Yohanna (Bukuru): Yayyena, ku bar ƙaninku ya sa baki. Ina shekarar ƙarshe a makarantar tauhidi, kuma mun sha wannan gardama a aji har dare. Abin da na lura shi ne kowannenku ya ɗauki rabin ayoyin ya jefi ɗan'uwansa da su, alhali marubutan ba su ga saɓani tsakaninsu ba.

Yaya Ishaku, ka tuna Siman mai sihiri a Samariya. An rubuta cewa ya gaskata, an kuma yi masa baftisma, amma da ya kawo kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Ya shiga ruwa ya fito da tsohuwar zuciyarsa. Ita ma ayar 1 Bitrus 3:21 da ka kawo, a cikinta aka ce ba wanke dattin jiki ake nufi ba, roƙo ne ga Allah da lamiri mai kyau, ta wurin tashin Yesu daga matattu. Game da Markus 16:16 kuwa, aya 9 zuwa 20 na surar ba sa cikin tsofaffin kofe biyu na Helenanci da ake ji da su, na ƙarni na huɗu, don haka gara mutum ya kafa hujjarsa a kan sauran ayoyin, suna da yawa.

Yaya Danjuma, kai kuma ka nuna mini mutum ɗaya a littafin Ayyukan Manzanni da ya ba da gaskiya ya ce baftisma ba dole ba ce. Mutum wajen 3,000 a rana ɗaya a Urushalima. Ma'ajin sarauniyar Habasha ya ga ruwa a bakin hanya ya sa aka tsayar da karusa. Lidiya da mutanen gidanta. Mai tsaron kurkukun Filibi, cikin dare, bayan ya wanke wa Bulus da Sila raunukan bulala. A wurinsu shiga ruwa ita ce hanyar da mutum ke cewa na ba da gaskiya a gaban jama'a. Ɗaga hannu da fitowa gaba a taro al'ada ce ta baya-bayan nan, manzanni ba su san ta ba. Bulus ma ya buɗe wasiƙarsa ga Romawa da maganar biyayya ta bangaskiya, 1:5, ya kuma rufe ta da ita, 16:26.

Dattijo Ayuba: Ɗana Yohanna, ka yi karatu, Allah ya ƙara sani. Amma ina jin ƙanshin cewa kana so a soke aji a riƙa tsoma mutane ranar da suka fito gaba. Ka yi a hankali. Iyayenmu da suka kafa wannan tsari ba wawaye ba ne. Da 'yan mishan na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission) suka iso Wase a 1904, da na SIM (Sudan Interior Mission) da suka bazu a ƙasar nan, da yawa daga cikin mutanen da suka samu ba su taɓa jin sunan Ibrahim ko Musa ba. Waɗanda Bitrus ya yi wa wa'azi ranar Fentikos Yahudawa ne da suka tashi da Attaura a bakinsu. Mutumin Habasha littafin Ishaya yake karantawa a cikin karusarsa. Kakana kuwa daga tsafi ya fito. Sai da ya koyi karatu, ya bar burkutu, ya fito da layunsa aka ƙone a gaban jama'a, sannan aka yi masa baftisma. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932, kafin nan ɗan abin da ke hannu ake koyarwa da baki. Kai ma ka san ikilisiyar farko ta riƙa riƙe masu neman baftisma har shekara uku a wasu wurare. Yau in muka buɗe ƙofa haka, duk saurayin da ke neman katin aure zai zo ranar Asabar ya tafi ranar Litinin.

Malama Rifkatu: Baba Dattijo, ku gafarce ni, amma ai ko da ajin haka suke yi. Yaron nan wata shida ya yi, bai taɓa fashi ba, ya amsa tambayoyinku duka daidai. Ni ba na cewa a soke aji, ni ce mai koyarwa. Abin da nake gani shi ne duk ƙarfinmu mun zuba shi kafin ruwa. Bayan ruwa babu aji, babu mai bin sawu, babu mai buga waya. Mun ba shi jarrabawa, ya ci, mun ba shi takarda. Duk wanda ya yi makaranta ya san in ka karɓi takarda ka gama.

Dattijo Ayuba: 'Yata, wannan kam ba zan musa ba.

Mama Saratu: Barkanku da yamma 'ya'yana. Ni ba mai ilimin tauhidi ba ce, jikata ce ma ke rubuta mini. A EYN na tashi, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, can ƙasarmu wajen Garkida inda aikin mishan ɗinta ya fara a 1923, rikici ne ya kawo mu Jos. A wurinmu mutum durƙusawa yake yi a cikin ruwa, a sunkuyar da shi gaba sau uku, cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ina da shekara goma sha shida aka yi mini, a rafi, da sassafe, sanyi har haƙorana na kaɗawa. Ba na tuna wa'azin ranar. Abin da nake tunawa, da na fito wata tsohuwa daga Zumuntar Mata tana tsaye a bakin ruwa da zane a buɗe. Ta lulluɓe ni, ta rungume ni da jiƙaƙƙen jikina, ta ce mini a kunne daga yau ke tawa ce. Kuma ta cika maganarta. In ban zo sujada ba, kafin rana ta faɗi tana ƙofar gidanmu. Da na yi faɗa da matar kawuna, ita ta kama hannuna ta kai ni na durƙusa na nemi gafara kafin Jibin Ubangiji. A wurinta na koyi abin da ake kira biyayya. Yanzu in an fito daga ruwa masu ɗaukar hoto ne ke tsaye a bakin.

Malama Rifkatu: Mama, kun sa ni hawaye.

Bulus (Numan): Ina bin maganar tun safe ban ce komai ba, amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Duk kuna magana kamar baftisma ta manya ce kaɗai. Ni ɗan Lutheran ne, ina jariri aka yi mini, na girma na shiga aji, aka tabbatar da ni a matsayin cikakken mai bi. Haka 'yan'uwanmu Angilika da Katolika suke yi. Da na zo aiki Jos na fara zuwa wata majami'a kusa da gidana, shekara uku ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Ranar da na nemi zama cikakken mamba aka ce mini abin da aka yi mini wanka ne kawai, sai an sake. Na ji kamar an zagi uwata da ta ɗauke ni a hannu ta kai ni gaban Allah. A fahimtarmu baftisma aikin Allah ce kafin ta zama shaidata. Shi ya fara kirana tun ban san hannun dama da na hagu ba, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan Isra'ila kaciya a rana ta takwas. Kolosiyawa 2:11-12 ta haɗa kaciya da baftisma. Kuma Afisawa 4:5 ta ce baftisma ɗaya ce.

Ishaku: Ɗan'uwa, ba don in ɓata maka rai ba, amma jariri ya tuba daga me? Kuma Romawa 6:4 ta ce an binne mu tare da shi. Ba a binne mutum da yayyafin ƙasa.

Bulus (Numan): Da aka ce an yi wa mai tsaron kurkuku da dukan mutanen gidansa, kai ka shiga gidan ka ƙirga ka ga babu yaro?

Yohanna (Bukuru): Don Allah mu sassauta. Wannan gardama ta taɓa cin rayuka. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, a watan Janairu 1525, wasu masu bi suka sake yi wa junansu baftisma a matsayin manya. Bayan shekara biyu hukumar garin, wadda ita ma ta rabu da Roma, ta ɗaure ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, ta nutsar da shi a kogi har ya mutu. Kirista ya kashe Kirista da ruwa a kan maganar ruwa. Mu a nan TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, ta haɗa masu yi wa jarirai da masu jira sai an girma a ƙarƙashin inuwa ɗaya tun 1955, a makaranta ɗaya ma ake horar da fastocinsu a Bukuru. Ba zan ce bambancin ba komai ba ne, ni kaina nutsarwa na yarda da ita. Amma akwai wata tsohuwar takardar koyarwa ta ikilisiyar farko da ake kira Didake, ta ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in kuma bai isa ba a zuba a ka sau uku. Ko su sun san akwai ranar da rafi ke ƙafewa. Kuma Yaya Bulus, tambayar Mama Rifkatu ta shafe ku. Yara nawa ne ke ɓacewa bayan ranar tabbatarwa?

Bulus (Numan): Da yawa. A nan ciwonmu ɗaya ne.

Godiya: Ina wuninku iyayena da yayyena. Ban taɓa rubutu a nan ba. Ina so in yi tambaya a kan kakana. Yana da mata biyu tun kafin ya karɓi bishara, kakata ce ta biyun. Sama da shekara arba'in yana zuwa sujada a ƙauyenmu, shi ya ba da filin da aka gina majami'ar, da kansa ya yi ta ɗaukar dutse a ka. An yi wa uwargida baftisma, an yi wa 'ya'yansa da mu jikoki. Shi an ce sai ya saki ɗaya. Ya ce ba zai kori matar da ta haifa masa 'ya'ya bakwai ba, ina za ta je? Duk ranar Jibin Ubangiji in an ce waɗanda ba su da baftisma su fita, sai ya ɗauki sandarsa ya je ya zauna a gindin mangwaro har a gama. Yanzu ya kusa shekara casa'in, ba ya iya fita. Da na je Kirsimeti ya riƙe hannuna ya ce, "Ke da kika yi boko, in na mutu haka Yesu zai karɓe ni?" Ban san me zan ce masa ba. Yaya Ishaku, in baftisma ce ke wanke zunubi, kakana ya hallaka ke nan? Yaya Danjuma, in ba komai ba ce, me ya sa yake kuka a kanta?

Danjuma: Ƙanwata, ba ni da bakin magana. Na janye kalmar da na yi cewa an ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Ishaku: Ni ba zan yanke wa tsoho hukunci ba. Shi ya nemi ruwa, mutane ne suka hana. Wanda ya hana shi ne zai amsa tambayar da Bitrus ya yi.

Dattijo Ayuba: A kula dai. Dattawan da suka tsaya a kan wannan doka ba mugunta ce ta sa su ba, auren mace ɗaya suke karewa, kuma suna tsoron in an buɗe wa ɗaya, gobe mai baftisma zai ƙara aure ya ce ai ga wane. Amma na yarda akwai bambanci tsakanin wanda bishara ta same shi da mata biyu da wanda ya san gaskiya ya je ya ƙaro.

Baba Rabaran: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Na karanta komai daga sama har ƙasa. Shekara talatin da takwas na yi a kan bagade kafin in yi ritaya, don haka ƙarar da Rifkatu ta kawo, ni ma ina cikin waɗanda ake ƙara.

Godiya, jikata, da ke zan fara don maganarki ba ta jira. Ki koma ki gaya wa kakanki cewa Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, Yohanna 6:37. Ki karanta masa da harshen da yake ji. Wannan matsala ba a ƙauyenku ta fara ba. Taron bishof-bishof na Angilika a Lambeth, birnin Landan, ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, a riƙe shi a matsayin mai koyo. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, taron ya sake duba maganar ya ce ana iya yi masa tare da matansa masu bi da 'ya'yansa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin sun yarda, kuma ba za a tilasta masa ya kori kowace ba. Kowace ɗarika tana da tsarinta, ni ba zan tsallake shugabannin majami'arku ba. Amma ana iya zama da su a yi magana, kuma zan so in je.

Yanzu ga tambayar Rifkatu. Abin da na gane a makare shi ne, jerin abubuwan yana da muhimmanci, kuma mu masu wa'azi mun hargitsa shi. Ku dubi Ibrahim. A Farawa 15 ya gaskata Allah, aka lasafta masa adalci. A sura 17 ya karɓi kaciya, wadda Manzo Bulus ya kira hatimin adalcin da ya riga ya samu ta wurin bangaskiya. A sura 22 ya ɗauki ɗansa Ishaku zuwa dutsen Moriya don ya miƙa shi hadaya. Bulus yana nuna sura 15 ya ce ba ta ayyuka ba. Yakubu yana nuna sura 22 ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Mutum ɗaya suke magana a kansa, rayuwa ɗaya, shekaru ne kawai a tsakani. Danjuma, ayar da ka kawo gaskiya ce, a kanta zan mutu. Amma ka tsaya a aya 9. Aya 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya shirya tun da. Ni ma shekaru na yi ina tsayawa a aya 9 a taron farkawa, don hannuwa sun fi tashi a nan.

Sai ku buɗe Matiyu 28:19-20 ku bi shi a hankali. Ku almajirtar, kuna yi musu baftisma, kuna koya musu su kiyaye duk abin da na umarce ku. Koyarwar kiyayewa bayan ruwa take zuwa, kuma ba a sa mata ranar gamawa ba. Mu mun ɗauko ta mun tura gaba da ruwa, muka mai da ita sharaɗi, muka bar bayan ruwa fayau. Ayuba, ƙanena, aji yana da kyau, mutum ya san wanda yake bi da abin da zai biya. Amma da zan sake farawa, zan rage na gaba in tsawaita na baya, in kuma ɗaura kowane sabon mai bi a hannun wani babba, kamar tsohuwar da Saratu ta ba mu labari.

Kuma wace biyayya muke wa'azinta? A nan ne na fi jin kunya. Na yi wa'azi a kan wando da ɗankunne da zakka har muryata ta dushe. Amma a watan Satumba 2001, da garin nan ya kama da wuta, da kuma 2008 da 2010, na ga yaran da na tsoma a ruwa da hannuna suna riƙe da abin da ba zan faɗa a nan ba. Wasu kariyar gida suka fita yi, wasu kuwa ramuwa ce ta fitar da su, a kan mutanen da ba su yi musu komai ba. Sai na tambayi kaina sau nawa na tsaya a kan Matiyu 5:44, a ƙaunaci maƙiyi a yi wa mai tsananta maka addu'a, da irin ƙarfin da nake tsayawa a kan ayar zakka ta Malakai 3:10. Na kuma san wata mata a unguwarmu da ta ɓoye maƙwabtanta Musulmi a ɗakinta kwana biyu, ita da ko karatu ba ta iya ba. Ita ta fahimci Romawa 6 fiye da ni. Wanda aka binne tare da Almasihu ba shi ne mai kansa ba kuma. Wannan ya shafi mudun da 'yar kasuwa ke awo da shi a Farin Gada, ya shafi takardar da ma'aikaci ke sa wa hannu a ofis, ya shafi yadda miji ke magana da matarsa in an rufe ƙofa.

Ishaku, ɗana, kishinka ga umarnin Ubangiji ina sonsa. Ka tuna Na'aman. Ba ruwan Urdun ne ya warkar da kuturtarsa ba, shi kansa ya ce kogunan Dimashƙu sun fi shi. Allah ne ya warkar. Amma da ya juya ya tafi da fushinsa bai nutsa sau bakwai ba, da ya koma gida da kuturta. Ni haka nake koyar da baftisma yanzu. Ba na ce wa mutum ruwan ne mai ceto, ba na kuma yarda ya ce mini ya gaskata alhali abu na farko da Ubangijinsa ya ce ya yi, ya ƙi.

Ishaku: Na gode Baba. Har yanzu ina riƙe da cewa a cikin baftisma ne Allah ya yi alkawarin gafara, ba kafin ta ba, kuma misalin Na'aman ma ina ganin ya fi goyon bayana. Amma maganar bayan ruwa, ban taɓa tunaninta haka ba. Mutum huɗu na kai ga baftisma bara, ban san inda biyu suke ba.

Baba Rabaran: Ka zo gida mu buɗe Littafin tare, wannan ba a gama shi a waya. Ka fara nemo biyun nan tukuna.

Malama Rifkatu: Baba, Allah ya ƙara girma. Baba Dattijo, ina roƙo, in kwamitin dattawa zai zauna wannan wata, a ba ni minti goma. Zan zo da rajistar shekara uku da suka wuce mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, mu ga wa zai ɗauki wa. Mama Saratu, ko za ku zo ku ba 'yan Zumuntar Mata namu labarin nan da bakinku?

Mama Saratu: In Allah ya kai mu zan zo, a turo mai keke ya ɗauke ni, ƙafa ta ƙi.

Dattijo Ayuba: Zan yi wa Fasto magana yau. Ki sa sunan yaron Terminus a hannuna, na san babansa.

Malama Rifkatu: To Baba. Gobe zan koma in biya shi kuɗin cajarsa, sai in karɓo lambarsa in turo muku.

Godiya: Baba Rabaran, da gaske za ku je? Hanyar ba ta da kyau, daga inda mota ke tsayawa sai an hau babur.

Baba Rabaran: Zan je, jikata. Ki turo mini sunan ƙauyen da na fastonku ta akwatina, kada ki sa a nan. Ki kuma kira gida yau a gaya wa tsoho muna tafe ranar Alhamis.